Rediyo mai sola: abin da na gani bayan shekara guda da shi a shago

Ba marmari ne ya sa na sayi rediyon nan ba, dole ce. A watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, sai wayata ta koma kamar jinjiri: kullum ina ɗauke da ita zuwa wurin mai caji, in ta cika kuma in yi ta lallaɓa ta kada ta mutu kafin magariba. Ni tela ne, kuma wanda ya san tela ya san idan hannu da ƙafa suna aiki, kunne ma yana son nasa abincin. Shiru a shago gyangyaɗi yake sa ni a kan keke. Ranar da na kusa ɗinke wa wani hannun riga a baibai, na ce to, abin ya isa haka.

Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen masu kayan lantarki. Yaron shagon ya ciro shi daga kwali yana shafa bayansa, ya ce, "Alhaji, wannan ba ruwansa da NEPA. Ka ajiye shi a rana kawai, shi ke nan ka huta." Ya sa dubu 25, na taya 15, aka sallama mini a 18. Ba zan faɗi sunan da ke jikinsa ba, don na ga irinsa sak da sunaye uku daban a layi ɗaya. Da alama uwa ɗaya ta haife su, riga kawai aka canza musu. Girmansa bai wuce bulon sabulun wanki biyu ba. Yana da FM, da matsakaicin zango, da gajeren zango, ga tocila a gefe, ga wurin sa memori da filas, ga ɗan farantin sola a baya wanda bai kai tafin hannuna ba.

Bari in fara da solar, tunda da ita aka ja ni. Ado ce. Na ajiye shi a kan katanga tun hantsi har la'asar, ɗan jan fitilar yana nuna wai caji na shiga, da na kunna bai kai ni ƙarshen labaran dare ba ya fara shaƙewa. Faranti mai wannan ƙanƙanta ba zai cika batir a wuni ɗaya ba, sai dai ya ɗan tsoma masa baki. Abin da ya fi wannan, zafin Maris da Afrilu na Kano ba abokin batir ba ne. Da na ɗauko shi daga rana wata ranar, jikinsa kamar an sauke tukunya, robar bayan ta ɗan bankare. Mai gyaran rediyo na bakin layinmu ya duba ya ce, "Malam, kana dafa batirin ne da hannunka." Tun daga nan na daina. Sa'ar da aka yi, batirin irin dogon nan ne na tocila mai lamba 18650, ana cire shi. Na sayi na biyu mai nauyi, ina caja su idan an kawo wuta, ɗaya na ciki ɗaya na jira. Kowane yana kai ni kwana biyu idan ban ƙure murya ba. Idan na sa memori ina jin karatu ko waƙa, wuni ɗaya ya ƙare.

A FM ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Tashoshin cikin gari suna fita tar, ko eriya ban ja ba. Sifikar tana da ƙarfin da take rinjayar ƙarar keke biyu, kodayake in aka kai ta ƙarshe sai ta fara karkarwa kamar gwangwani. Matsalar FM ba ta na'urar ba ce, ta abin da ake zubawa ce. Wata tashar sai ka yi rabin awa kana jin mai maganin basir da sanyi yana lissafo cututtukan da ko asibiti ba su san da su ba, a gama a sako sojojin baka su yi ta yi wa juna tsiya a kan iyayen gidansu. Amma a nan ɗin dai nake jin unguwar da famfo ya fashe, da farashin kwanon masara a Dawanau, da sanarwar rasuwa, da cigiyar yaro. Waya ba ta taɓa gaya mini waɗannan a kan lokaci ba.

Gajeren zango shi ne inda na fi daɗewa ina fama, kuma shi ne dalilin da har yanzu ban yi nadamar kuɗina ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana da wani National mai rigar fata, wanda in ka murɗa a hankali za ka ji tasha tana tahowa daga nesa kamar mai sallama, ka yi ta matsawa har ta zauna daram. Wannan nawa ba haka yake ba. Allurar tana tafiya, amma sautin tsalle yake yi: yanzu shuuu, ka ƙara gashin ido ɗaya sai ga murya, ka ƙara wani ta ɓace. Lambobin da aka rubuta a fuskar ma ba su cika faɗin gaskiya ba, don haka na ɗauki alli na tela na yi 'yan alamomi a inda nake samun kowace tasha. BBC Hausa, wadda take watsa shiri tun 1957, ina kama ta sau huɗu: shida da rabi da bakwai da rabi na safe, uku na rana, da takwas da rabi na dare. Na safe da na dare sun fi fita. Na rana kan yi ta zuwa yana komawa kamar igiyar ruwa.

Sai da na yi watanni kafin na gane dalili. Siginar gajeren zango ba miƙewa take yi kai tsaye kamar ta FM ba. Sama take tafiya ta bugi wani rufi na iska can ƙololuwa ta dawo ƙasa, shi ya sa take tsallake dubban kilomita. Rana tana canza yanayin wannan rufin, don haka da rana mita 16 da 19 suka fi aiki, da dare kuma sai a gangaro 31 ko 41 ko 49. Wanda bai san wannan ba zai ce rediyonsa ya lalace, alhali wuri kawai ya kamata ya canza.

Abokan gabarsa kuma a cikin shagona suke. Da na taka keke mai mota sai muryar mai labarai ta nutse cikin ɗirrr. Cajar waya ta arha, da ƙwan fitila irin na zamani, da inbata ta maƙwabcina mai kanti, duk suna zuba masa ƙara. Abin dariyar shi ne ya fi fita fes lokacin da aka ɗauke wuta unguwa ta yi tsit. Maganin da na samu: na ɗaura siririyar waya mai tsawon kamu goma a kan eriyar, na zura ta taga na maƙale a jikin darbejiya. Bambancin kamar an cire maka auduga daga kunne. In lokacin labarai ya yi kuma sai in koma aikin hannu, sa maɓalli ko yanka, in bar keken ya huta.

Cikin shekarar da na yi da shi na ga abubuwa biyu da suka sa na ƙara riƙe shi. A watan Disamban 2024 gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da BBC na wata uku, bayan tun a Agustan 2023 ta rufe gidan rediyon Faransa, RFI. Ɗan'uwan mahaifiyata da ke Maraɗi, wanda ya saba ji a FM ta tashoshin da ke karɓa suna sakewa, ya kira ni yana cewa an toshe musu kunne. Na ce, "Kawu, ina tsohon rediyonka? Ka ja eriya." FM ana iya kashe ta da takarda ɗaya daga ofis, amma abin da ya faɗo daga sama ba ya tsayawa a bakin iyaka a duba masa fasfo. Na biyun kuma akasin haka ne. A watan Maris na 2025, bayan umarnin da Trump ya sa wa hannu, Muryar Amurka ta yi shiru. Na yi kwanaki ina murɗawa a wurin alamar allina ina zaton laifin eriya ne. Ashe in mai magana ya yi shiru daga can, ko eriyarka ta kai Dala tsawo ba abin da za ka ji.

Ƙwallo fa? A nan ne yaran shagona suka fara girmama shi, bayan sun gama yi mini dariyar wai na sayi kayan tsofaffi. Wata Asabar ina jin sharhin wasan Firimiya da Hausa, ƙaramin cikinsu yana kallon wasan a waya da datarsa. Mai sharhi ya kwarma ihun an ci, na ce masa, "An zura muku." Ya ce, "Haba Oga, ƙwallon ma tana tsakiyar fili." Bai rufe baki ba ta shiga raga a wayarsa. Tun daga ranar in ana wasan ƙungiyarsa sai ya roƙe ni in rage murya. Gaskiya dai rediyo ba zai maye gurbin gidan kallo ba. Ba ka ganin yanka, ba ka ganin ko bugun fanaretin da alƙali ya bayar na gaskiya ne, sai abin da mai sharhi ya ga dama ya gaya maka, kuma wani lokacin sai ya shagala da ba'a ya manta bai faɗi wanda ke riƙe da ƙwallo ba. Amma ga mai ɗinkin sallah a gaba, wanda ba shi da awa biyun zama a benci, wannan ya wadatar.

Tocilar tana da haske, ta isa a nemi allurar da ta faɗi. Wurin memori ya yi aiki wata bakwai, daga nan sai an danna katin da tsinke kafin ya karanta. Eriyar ta karye a gaɓa ta biyu, laifin yaro ne ba na masu ƙerawa ba, aka canza mini ita da kuɗi kaɗan. Maɓallin murya ya fara ƙarar yashi da shigowar hunturu, mai gyara ya fesa masa wani abu ya daina.

Wanda zai saya, ya sa a kunna masa gajeren zango a nan shagon kafin ya biya, don wasu an rubuta SW, wato gajeren zango, ne kawai a jiki, ciki ba komai. Ya buɗe bayan ya tabbatar batirin na cirewa ne. Kada kuma ya ƙara ko sisi saboda sola. Nawa yana nan a kan shiryayye tsakanin kwalin zare da almakashi, bayansa a bankare, fuskarsa duk alli. Uwargida ta ce in sayo mata irinsa na kicin, amma ita ta ce FM kaɗai take so, ba za ta iya da ɗaure waya a bishiya ba.