Zeza da Filonzana: duka maza ne a kayan mata, amma ba tafiyarsu ɗaya ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mazan da ke shigar mata a bukukuwan Kanibal na Italiya, waɗanda ake yi kafin azumin Kirista na kwana 40, 'yan daudu ne, kuma ko duk ma'anarsu ɗaya. A'a. Magidanta ne da samarin gari, sau ɗaya a shekara suke yi, domin a da ba a yarda mace ta fito wasa a titi ba. Kamar dai tashe, inda yaro kan yafa gyalen uwarsa.

Ɗauki Zeza, uwar gida a wani wasan kwaikwayo na Kanibal da ake yi a yankin Abelino, kusa da Napoli. Sunanta Lukereziya, aka taƙaita. Mijinta Pulcinella ya kafe cewa 'yarsu Bicenzella ba za ta auri Don Nikola ba, ita kuwa uwar ta ƙasa take ƙulla abin. A ƙarshe saurayin ya ɗauko bindiga ya harbi tsohon, ya saduda, aka ɗaura aure, aka ɓarke da rawa. Ka ga ƙato mai gemu cikin rigar amarya, yana maƙale murya, jama'a na kwasar dariya. Masu nazari na cewa uban shi ne tsohuwar shekara, auren kuma sabuwa. Ni abin da na gani ya fi wannan sauƙi: maigida na ta kumfar baki, alhali a ɗaki aka gama magana.

Filonzana ta garin Ottana a tsibirin Sardiniya kuwa babu wasa a lamarinta. Tsohuwa ce mai doro, tana ɗingishi, baƙaƙen kaya har ƙasa, fuskar katako. Tana tafe tana kaɗi da mazari, ga almakashi a rataye. Zaren nan ran mutum ne. Wanda ya hana ta abin sha, sai ta kai almakashi kusa da zaren tana kallonsa. Tana bin ayarin Boes da Merdules, wato masu shigar shanu da makiyayansu, kuma in ta ba da umarni shanun su zube kamar matattu, daga baya su miƙe. Ana danganta ta da tsofaffin mata uku na tatsuniyar Girka masu kaɗin ƙaddara.

Zeza ana iya tsokanarta, ta rama da baƙar magana. Filonzana kuwa ko mutanen Ottana, da suka san wane ne a cikin kayan, ba sa son ta tsinke zare a gabansu.