Chamundi ko Vaishno Devi: amsa ga ɗan'uwanmu ɗalibi da ke Bangalo

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne za ka ziyarta cikin wuraren bautar Hindu biyu na Indiya, Chamundi ko Vaishno Devi. Ka tafi Chamundi. Kwana uku gare ka, daga Bangalo za ka tashi, kuma buɗe ido za ka je yi, to tsaunin Chamundi da ke bakin birnin Maisur shi ne naka. Dalilin da ya fi kowanne nauyi shi ne wannan: a Chamundi, kusan duk abin da ya cancanci kallo a fili yake, ana ganinsa ba sai an shiga ɗakin bauta ba. A Vaishno Devi kuwa, ribar tafiyar gaba ɗaya tana cikin kogo ne, inda mai ziyara zai tsaya daƙiƙu kaɗan gaban wasu duwatsu uku da Hindu ke girmamawa, sannan masu tsaro su ce ya matsa gaba. Wanda ya yi imani da wurin, wannan tsayuwar ta biya shi duk wahalarsa. Kai da ba abin da ya kawo ka ke nan ba, gajiyar kawai za ka kwaso.

Daga Bangalo zuwa Maisur, wanda za ka ga an rubuta Mysuru a allunan tasha, wajen kilomita 140 ne. Jirgin ƙasa mai sauri yana cinye ta cikin awa biyu zuwa biyu da rabi, mota ma haka tun da aka buɗe sabuwar babbar hanya a 2023. Ka isa da yamma ka kwana a gari. Ka riƙe fasfo da takardun zamanka, domin doka ta ɗora wa kowane masauki ya cike fom na musamman a kan baƙon da ba ɗan ƙasa ba, kuma wasu ƙananan masaukai saboda gudun wannan aikin sai su ce maka ɗaki ya ƙare. Ka buga waya ka tambaya kafin ka biya kuɗi ta intanet.

Hanya biyu ce zuwa saman tsaunin. Akwai kwalta mai lanƙwasa, wajen kilomita 13 daga tsakiyar gari, bas mai lamba 201 yana bin ta daga tashar cikin gari a kai a kai, kuɗinsa ba shi da yawa. Akwai kuma matakala, kuma ita nake so ka bi. Taki dubu ne da 'yan kai, an fi cewa 1,008, na dutse sassaƙaƙƙe, waɗanda sarkin Maisur Dodda Devaraja Wodeyar ya sa aka shimfiɗa a 1659. Ka sallaci Asuba a masauki, domin babu inda za ka yi salla cikin natsuwa a can sama, ka hau a-daidaita-sahu ka ce a kai ka gindin matakala. Ka faɗi haka a fili, in ba haka ba direba zai ɗauka saman tsaunin kake nufi ya bi da kai ta kwalta ya caje ka kuɗin doguwar tafiya. Ka fara hawa da zarar gari ya yi haske. Kada ka riga hasken, domin akwai damisa a dajin tsaunin, an sha ganinta a gefen hanya da dare.

Hawan bai wuce minti 40 zuwa awa ɗaya ba ga mai lafiya. Taki ɗari shida na farko su ne masu cin gwiwa, don sun fi miƙewa, kuma tsayinsu bai zo ɗaya ba: wani ƙafa za ta ɗaga kaɗan, na gaba sai an ɗago cinya. Abin da ke kayar da mutane ke nan, musamman a saukowa, idan ido ya bar ƙasa ya koma kan waya. Ruwa lita ɗaya ya isa. Ka sa shi cikin jakar goyo mai zif, kada ka riƙe leda a hannu, domin biran wurin sun san leda abinci ce, za su fizge ta ko da littafi ne a ciki. In biri ya kama abu, ka sakar masa. Cizonsa allurai zai jawo maka.

Ka lura da fuskar kowane taki yayin da kake hawa. Za ka ga ɗigo biyu, ɗaya rawaya ɗaya ja, an dangwala da yatsa, sabo a kan tsoho har dutsen ya rine. Na rawayan kurkum ne, jan kuma garin da suke kira kumkum. Matan da suka yi alwashi ne ke yin haka. Za ka riske su ƙafa ba takalmi, da ɗan kwano a hannun hagu, a duƙe, suna shafa wa taki ɗaya su hau shi su sake duƙawa ga na gaba, har dubun nan ta cika. Wata da 'yarta a baya tana riƙe mata da kwanon. Ka ratse ta gefe a hankali ka wuce, kada ka tsallaka hannunta, kada kuma ka saita mata kyamara. Kai an yarda ka hau da takalminka.

Wajen taki na ɗari bakwai za ka ɓullo ga Nandi, bijimin da aka sassaƙa daga dutse guda tun zamanin sarkin da ya yi matakalar. Yana gurfane, tsayinsa kusan mita 5, tsawonsa ya haura mita 7, da jerin ƙararrawa da sarƙoƙi a wuyansa duk daga jikin dutsen aka fitar da su. Ka zagaya ta bayansa ka ga yadda aka naɗe wutsiyar a kan cinya. A nan ya kamata ka zauna ka huta, ka sayi ruwan rake in mai matsewa ya fito. In za ka hau dandamalin da yake kai, sai ka tuɓe takalmi. Daga nan zuwa sama hanyar ta kwanta, numfashi zai dawo.

A sama akwai ƙauye sosai, da shaguna da filin ajiye motoci. Abin da zai fara tare maka ido shi ne mutum-mutumin Mahishasura, mai gashin baki, takobi a hannu ɗaya maciji a ɗayan, an shafe shi da fenti mai haske. A labarin Hindu shi ne azzalumin da Chamundeshwari, abar bautar wurin, ta kashe a kan wannan tsauni, kuma daga sunansa sunan Maisur ya samo asali. Gaba kaɗan hasumiyar ƙofar haikalin take, hawa bakwai, cike da sassaƙa daga ƙasa har ƙoli, wadda Krishnaraja Wodeyar na Uku ya gina a 1827. Mafi yawan baƙi a nan suke tsayawa su juya. Kai ka zagaya ta baya ka nemi haikalin Mahabaleshwara, ƙarami ne, shiru, ba cunkoso, kuma ya girmi babban, don akwai rubutun da ya danganta shi da ƙarni na 10. In sararin sama ya washe, daga wuraren tsayawa na gefen hanya za ka hango fadar sarki da filin sukuwa da fadar Lalitha Mahal fara fat a ƙasa.

Batun shiga ciki kuwa, wannan tsakaninka da abin da malaminka ya karantar da kai ne, kuma ba ka rasa komai in ka tsaya a waje. In ka yanke shawarar leƙawa, ana buɗewa 7:30 na safe zuwa 2 na rana, sai 3:30 zuwa 6, sai 7:30 zuwa 9 na dare. Akwai layin kyauta, akwai na kuɗi mai sauri, tikitinsa a tagar hukuma kaɗai ake saya. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma ka sa tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa. Idan aka miƙo maka jan gari za a shafa maka a goshi, ko abincin da aka gabatar wa abar bautar, ka ɗora hannun dama a ƙirji ka ɗan sunkuyar da kai ka wuce. Sun saba da baƙi, ba wanda zai riƙe ka da wannan. Abin da ba za su yafe ba shi ne dariya ko nuni da yatsa ga mai bauta, kuma gaskiyarsu ce. Ka guji Juma'o'in watansu na Ashada, wanda ke faɗowa tsakanin Yuni da Yuli, da kwana goman bikin Dasara a Satumba ko Oktoba. A ranakun Ashada har hana ƙananan motoci hawa ake yi saboda yawan jama'a. Ka kuma sauko kafin rana ta take, domin daɓen dutsen da ake takawa ba takalmi yana ƙona tafin ƙafa.

Vaishno Devi fa, ba zan ce ba ta da kyau ba. Tsaunukan Trikuta ne a yankin Jammu, kuma da dare fitilun hanyar suna hawa tsaunin kamar an ja zaren wuta. Amma ka lissafa. Daga Bangalo zuwa Delhi a jirgin ƙasa ya haura awa 30, daga Delhi zuwa Katra, garin da ke gindin tsaunin, wasu awa 8 a jirgi mafi sauri, in kuwa ta sama za ka bi zuwa Jammu, kuɗin tikitin kaɗai ya ninka dukan tafiyar Maisur. Daga Katra sai ka taka wajen kilomita 13 na hawa zuwa haikalin, wanda yake kan tsayin kusan mita 1,600, awa biyar zuwa shida ga wanda bai saba ba, sannan ka sauko su. Dole ka yi rajista ka rataya katin shaida mai na'ura kafin shingen Banganga, tsarin da aka shigo da shi bayan turmutsitsin daren 1 ga Janairun 2022 da ya kashe mutum 12. Mutanen da suka je a 2023 kaɗai sun haura miliyan tara. Kafin kogon za ka bar waya da kyamara da bel da walat na fata a akwatin ajiya. Layin wayarka, in na saka kati ne da ka yanka a wata jiha, zai mutu da ka shiga Jammu da Kashmir, sai mai biyan wata ne ke aiki. A Katra babu nama babu ƙwai, gidajen abinci da yawa ko albasa da tafarnuwa ba sa sawa. A Disamba da Janairu ƙanƙara na sauka a sama, da damina kuma ƙasa na zaftarewa: a ƙarshen Agustan 2025 zaftarewa kusa da Adhkuwari, tsakiyar hanyar, ta hallaka sama da mutum 30. In wata rana ka koma Delhi da zama kuma ranka ya nace, ka je a Maris kafin bikin Navratri ko a Nuwamba, ka bi hanyar Tarakote da aka buɗe a 2018, wadda ta fi kwanciya kuma dawaki ba sa bin ta. Da yawa daga masu jan dawaki da masu ɗaukar mutane a kafaɗa a tsohuwar hanyar Musulmi ne, in ka yi musu sallama za su amsa.

Ba ka tambaya ba, amma sai na ja maka kunne kan 'yan damfara, don baƙar fata da jakar goyo daga nesa suke hango shi. A Chamundi, wani zai cusa maka kwandon kwakwa da furanni a hannu, ko ya ɗaura maka zare a wuyan hannu yana murmushi kamar kyauta, sai ka taka biyu ya biyo ka da farashi. Kada ka karɓi abin da ba ka nema ba, hannunka ya zauna a aljihu. Takalmi kuma ka ajiye a rumfar hukuma inda ake ba da lamba, ka rabu da mai shagon da zai ce ka bari a wurinsa, domin sai ka sayi kayansa zai fito maka da shi. Mafi muni su ne direbobin da za su ce fada a rufe take yau, bari su kai ka inda ake haɗa turare. Kamasho suke ci. Abin da za a sayar maka da sunan man sandal yawanci wani mai ne aka ɗiga wa ƙamshi, kwana biyu ya tashi, guntun icen kuma farin katako ne aka fesa wa turare. Man sandal na gaskiya tsada gare shi ƙwarai, duk wanda ya ba ka kwalba cike da araha ƙarya yake. In tsaraba za ka yi wa Hajiya, ka je kantin gwamnati na Cauvery da ke titin Sayyaji Rao, alharini kuma shagon KSIC, kamfanin alharini na gwamnatin jihar, inda kowane zane yake da lambarsa a saƙe a gefe, ka karɓi rasit. Ta ɓangaren Katra, shafukan bogi masu sayar da tikitin jirgi mai saukar ungulu sun yi yawa, suna karɓar kuɗi ta waya su ɓace. Hukumar haikalin ce kaɗai ke sayar da shi a shafinta.

Ka tsara tafiyar ta haɗa da Lahadi. Ka hau tsaunin da safe, ka sauko a bas in gwiwa ta gaji, ka ci biriyani a unguwar Mandi Mohalla inda Musulmi suke da yawa kuma masallatai ke kusa, sannan ƙarfe 7 na yamma ta same ka a harabar fadar Maisur, lokacin da ake kunna ƙwayayen fitila kusan dubu ɗari a jikin ginin gaba ɗaya. Washegari a hanyar komawa ka sauka a Srirangapatna, ƙasa da kilomita 20 daga Maisur, ka ga masallaci mai hasumiya biyu na Tipu Sultan, sarki Musulmi da ya taɓa mulkin ƙasar Maisur, da kabarinsa a Gumbaz, ka yi Azahar a can, ka kama jirgin yamma zuwa Bangalo.