Gargaɗi kan mai gyaran madubin tocila da ya cinye mini naira 27,500 kuma ya lalata mini kayan gado

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan gargaɗi saboda kunya, amma daren jiya da aka ɗauke wuta na kunna tocilar, na ga irin mataccen hasken da take fitarwa yanzu, sai raina ya sake ɓaci kamar a ranar aka yi mini abin. Naira 27,500 wani mutum ya karɓa daga hannuna da sunan zai sabunta madubin tocilar mahaifina, kuma ba kuɗin kaɗai na rasa ba, madubin ma ya dawo mini a lalace yadda babu mai iya gyara shi har abada.

Tocilar Maglite ce, doguwa baƙa mai cin manyan batura uku, ƙirar Amurka, irin wadda ake murɗa kanta a tattara haske wuri ɗaya ko a baza shi. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sayo ta a Saudiyya lokacin da ya je aikin Hajji a 1998, kuma da ita yake zagaya gida da garken awaki kowane dare kafin ya kwanta. Har yau ƙwan ajiyar da ke cikin murfin gindinta yana nan inda ya bar shi. Bayan rasuwarsa ta zauna a akwati har batura suka zube a cikinta. Na goge cikin jikinta ta tashi, amma yarona, da kyakkyawar niyya, ya kwance kan ya sa hankici ya goge kwanon nan mai ƙyalli da ke zagaye da ƙwan, wanda muke kira madubi. Daga ranar madubin ya yi hazo, ya yi zane-zane, haske ya daina kaiwa ƙarshen layinmu.

A Facebook na ga tallar mutumin. Bidiyo ne na madubin tocila da ya dusashe, aka tsoma shi cikin wani ruwa a kofin gilashi, aka fito da shi yana walƙiya kamar yau aka ƙera shi. Ina so a fahimta cewa ban tura kuɗi daga ganin bidiyo ba, domin ni ba yaro ba ne, shekarata goma sha tara ina koyarwa, kuma ban taɓa shiga hannun ɗan damfara ba. Na nemi lambarsa, na kira shi ta bidiyo a WhatsApp, ya nuna mini teburi cike da tocilolin mutane da kwalabe, na tambaye shi sunan da ke kan asusunsa na banki kuma ya dace da sunan da ya ba ni. Duk abin da mai hankali zai yi kafin ya saki kuɗinsa na yi shi.

Abin da ya kama ni magana ɗaya ce, kuma ita ce nake ta maimaitawa a raina ko ina cikin aji. Da na tura masa hoton madubin, sai ya aiko da saƙon murya ya ce: “Malam, don Allah kada ka bari kowa ya ƙara taɓa shi da ƙyalle, ko da yatsa ne, domin ƙyallen ne ya kashe shi.” Ban gaya masa labarin hankicin ba, shi ya gane da kansa, sai na ce a raina wannan ya san aikinsa. Da na ce masa ta mahaifina ce, sai ya yi shiru kaɗan, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce: “Kayan gado amana ne, Malam, zan riƙe shi kamar na ubana.” Na saurari wannan saƙon ya fi sau ashirin, ina neman inda muryarsa ta yi rawa ko ta nuna ƙarya, ban samu ba. Mutumin da ya yi wa ubanka addu'a da irin wannan muryar, ta yaya za ka zarge shi?

Naira 15,000 na fara turawa, kuɗin aiki, na naɗe madubin a auduga na sa a gwangwani na ba direba a tasha ya kai masa Kano. Bayan nan ya nemi naira 4,000 kuɗin motar dawowa. A'a, na tsallake, kafin kuɗin motar akwai naira 8,500 da ya ce na ruwan azurfa ne, wai wanda yake da shi ya ƙare kuma nawa madubin yana buƙatar tsomi biyu saboda zurfin zanen. A lokacin ma na yi jim, na ce masa: “Injiniya, ai mun gama ciniki tun farko.” Ya ce in na ga dama ya dawo mini da kayana yadda suke, ba ya son ya yi wa kayan marigayi aikin rabi da rabi. Na ji nauyi, na tura. Naira 15,000, da 8,500, da 4,000, jimla 27,500, ban da abin da na biya direban da ya kai. Kwana uku ya ce aikin zai ɗauka, sai da aka yi mako biyar, yau ɗansa ba lafiya, gobe babu wuta a shago, jibi direba bai zo ba.

Ranar da saƙon ya iso, a tashar na buɗe gwangwanin saboda ɗoki. Madubin ya zama ruwan toka, ba ya nuna fuska ko kaɗan, yana warin fentin feshi irin wanda masu gyaran babur suke fesa wa salansa, har fentin ya taru ya daskare a bakin ramin da ƙwan yake shiga. Na sa farce na kankare gefe ɗaya, sai ga baƙar roba a ƙasa, duk sawun samfefa a jikinta. Ke nan sai da ya kankare sauran ƙyallin da ya rage kaf, sannan ya fesa fenti. Na kira shi nan take bai ɗauka ba, na tura hoto ya buɗe bai amsa ba, kafin magariba ya toshe ni, tallar ma ta ɓace daga shafinsa.

Washegari, ko dai bayan kwana biyu, na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, wanda tun farko shi ya kamata in fara tuntuɓa. Ya juya madubin a hannunsa ya ce: “Ɗana, wannan ai ba ƙarfe ba ne da za a goge ya yi ƙyalli.” Ya bayyana mini cewa madubin irin wannan tocila roba ce, kuma ƙyallin da muke gani wani lulluɓi ne na alminiyam da ake yi a masana'anta, a cikin inji da aka zuƙe iskarsa, inda ake narkar da alminiyam ya zama tururi ya kwanta a jikin robar. Lulluɓin ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, shi ya sa hankici ma yake cinye shi, balle man goge ƙarfe na Brasso ko man goge baki ko samfefa. Idan ƙura ce kawai, iska ake hurawa, idan kuma datti ya kama, a ɗauraye da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa a bar shi ya bushe da kansa ba tare da an taɓa cikin ba. Idan lulluɓin ya riga ya tafi, sabon madubi ake saya a musanya, domin ana sayar da shi shi kaɗai, kuma a cewarsa kuɗinsa bai kai abin da na tura wa wancan mutumin ba. Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Na biya naira 27,500 domin a lalata abin da, duk da hazonsa, yana haska mini tsakar gida, kuma shi ne ainihin wanda mahaifina ya yi amfani da shi.

Duk wanda ya ce zai goge muku madubin tocila na roba ya dawo sabo, kada ku ba shi, kuma kada ku biya kuɗin gyara kafin ku ga aiki da idonku.

Rasit ɗin banki guda uku suna wayata, da saƙonnin muryar, da hoton madubin kafin ya tafi da bayan ya dawo. Zan ɗora hotunan hirarmu da zarar na rufe lambobin da ke jiki, domin ban tabbata asusun da na tura kuɗin nasa ba ne ko na wani bawan Allah da ya ara. Saƙon muryar da ya yi wa mahaifina addu'a shi ne zan fara sakawa, domin wanda ya taɓa jin wannan muryar ya gane ta. Ban yafe naira 27,500 ɗin ba, ban yafe madubin ba, Allah Ya isa tsakanina da shi.