Ku yi hankali da mai na'urar "kashe cutar kansa da lantarki" a Abuja, ya cinye mana miliyan 2.8

Wallahi tallahi ban so in yi wannan rubutun ba don har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi ta tafasa, amma jiya na ga tallarsa ta sake fitowa a wani gurup na mata a WhatsApp, hoto iri ɗaya, magana iri ɗaya, na ce a'a ba zan yi shiru ba. Naira miliyan 2 da dubu 800. Kuɗin adashina ne da sarƙar gwal ta Umma da abin da yayanmu ya turo daga Legas, miliyan 2.8 jama'a, a kan wani akwati mai ƙyalli da ƙarafa biyu da ake riƙewa a hannu.

Umma kansar nono gare ta, ta riga ta yaɗu zuwa ƙashi, muna Jos muna ta faman kemo, wato maganin kansa na asibiti, tana amai gashinta duk ya zube. Wanda bai yi jinyar mai wannan ciwon ba kada ya zo min da surutu a nan. Wata maƙwabciyarmu a Unguwar Rogo ce ta turo min tallar, wai sabon magani na gwaji daga Amurka, igiyar lantarki da maganaɗisu ce ke farfasa ƙwayoyin kansa, ba allura ba amai. Muka ɗauki shatar mota muka bi ta Akwanga da Keffi Umma tana kwance a baya.

Kuma ni ba sakarya ba ce, karatu na yi. A gaban mai na'urar na zaro waya na bincika. Ya ce Hajiya rubuta Optune ki gani, na rubuta, ga shi nan kuwa, hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar tun 2011. To me kuma zan ce? Ga farar riga, ga takardu a firam jikin bango, ga fas ɗin gida mai kyau a Gwarimpa. Sai ya durƙusa gaban Umma ya ce, Umma ni ma mahaifiyata wannan ciwon ne ajalinta shi ya sa na shiga harkar nan, in sha Allahu ke ba za ki tafi haka ba. Ya durƙusa fa! Har ƙwalla na gani a idonsa. Umma ta ɗora masa hannu a ka tana Allah ya yi maka albarka ɗan nan. Duk dare sai wannan durƙuson ya dawo min, Allah ya yi maka albarka ɗan nan, a wurin na tura miliyan 1.2 ko gardama ban yi ba.

Kafin nan ma ya karɓi dubu 150 wai na rajista da gwaji, ta riƙe wani ƙarfe kwamfuta ta zano jiki da launi ja da kore cikin minti kaɗan. Daga baya sai ya ce zirga-zirga tana gajiyar da ita gara mu sayi tamu na'urar mu koma da ita Jos, miliyan 1 da dubu 450, wai ma ya yi mana ragi don Allah. Ku haɗa ku gani, 2.8. Ina da alat ɗin banki duka da sikirinshot na hirarmu da muryoyin da ya riƙa turowa, zan sa su in lauya ya ce in sa.

Abin da ya fi ƙona min rai ba ma kuɗin ba ne, cewa ya yi mu dakatar da kemo wai guba ce tana hana igiyar aiki. Da ciwon ya ƙaru ya ce alamar ƙwayoyin na mutuwa ne. Da Umma ta kasa tashi na kira shi, ya ce in ƙara mata mintocin riƙe na'urar. Sai waya a kashe, sai bulok. Yayanmu ya je gidan ya tarar da kwado, maigadi ya ce ai haya ce ta 'yan watanni.

Da muka koma asibiti likitarta ta kalli akwatin ta girgiza kai kawai. Ita ta zaunar da ni ta min bayani. Optune ta gaskiya akwai ta, amma ta kansar ƙwaƙwalwa ce, aske kai ake yi a manna faifai a fatar kai mutum ya yini ya kwana da ita aƙalla awa 18 a rana, kuma a babban gwajin da aka yi tare da kemo aka haɗa ta, abin da ta ƙara wa marasa lafiya kusan wata 5 ne, ba warkewa ba. Kuɗinta a Amurka ya kai dala dubu 21 a wata. Akwai wata kuma da FDA ta ba izini a 2023 ta kansar hanta, wadda ake sa abu kamar cokali a baki. Babu ta nono a cikinsu. Tamu kuwa irin wadda ake jingina wa Royal Rife ce, wani Ba'amurke tun shekarun 1930, ba a taɓa tabbatar da tana warkar da komai ba, a intanet ake sayar da ita. Sunan na gaskiya ya ɗauko ya rufe ƙaryarsa da shi, shi ya sa bincikena ya nuna min gaskiya, to ina laifina?

Umma ta koma kan magani amma jikin ba kamar da ba, har yau tana tambayata ko yaron nan lafiya yake da bai kira ba, na kasa faɗa mata. Ban yafe ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Duk wanda ya ce ku bar maganin asibiti, ku guje shi. Ku nemi lambar NAFDAC ta na'urar da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, ku nuna wa likitanku kafin ku tura ko sisi. In ma gwaji ne da gaske a nuna muku takardar amincewar kwamitin ɗa'a na bincike. Mun kai ƙara EFCC, duk wanda shi ma aka yi masa haka ya min magana ta inbok mu haɗa hujjoji.