Gargaɗi ga masu tsofaffin faya-fayi a Yamai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai faifan garmaho a gida, na gado ne ko na kansa, ya yi hattara da wani mutum da ke tallar kansa a Facebook da WhatsApp, wai yana juye waƙoƙin faifai zuwa kile USB ko katin mamori don a riƙa saurare a waya. Ba juyi ya kawo shi ba, faya-fayin yake farauta. Kawuna da ke unguwar Yantala na cikin waɗanda ya cuta, kuma a wajen neman kayanmu muka haɗu da wata Hajiya daga Boukoki mai kuka iri ɗaya.

Har gida yake zuwa bisa babur, fes da shi, bakinsa da zaƙi. Ya durƙusa ya gaida tsoho, Baba kaza, Baba kaza, ya yaba yadda aka adana kaya. Kuɗin aikin ma ɗan kaɗan yake yankawa, bai kai jika ɗaya ba a kowane faifai, ya ce a ba shi rabi kafin alƙalami. Sai ya ce na'urarsa tana da nauyi, ba ta fita daga shago, dole ya tafi da faya-fayin. Shagon kuwa babu shi. Da aka tambaya ya ce wajen Katako, ga wani kuma ya ce Wadata.

Faifai kusan 60 ya kwasa wajen Kawu, ya dawo bayan kwana biyu ya ce an gama. Nan ƙaryar take, kuma ina so kowa ya gane ta. Juyin faifai ba irin kwafin fayil ba ne da ake yi cikin ƙiftawar ido. Sai an ɗora faifan, allura ta bi shi daga farko har ƙarshe, kwamfuta tana ɗauka. Babban faifai mai juyi 33 a minti yakan ci wajen minti 20 kowane gefe, wato minti 40 gaba da baya. Guda 60 ke nan awa 40 na sauraro zalla, ba a sa wanke faifan ba, ba a sa yanka waƙoƙi ɗaya-ɗaya da rubuta sunayensu ba, balle ɗaukewar wuta da duk mun sani a garin nan. Wane mutum ne zai gama wannan a kwana biyu?

Da muka buɗe kilen, waƙoƙin da ya sauko da su daga YouTube muka tarar. Wasu ma na wasan fili ne, da tafin jama'a, alhali na faifan a ɗakin ɗaukar murya aka yi su. Duk waƙar da babu ita a intanet, babu ita a kilen. Ya ce waɗannan faya-fayin zafi ya lanƙwasa su, ya zubar. Gaskiya ne zafi yana lanƙwasa faifai, shi ya sa tsoho ya yarda. Amma da aka zauna ana duba jakunkunan faya-fayin da ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya, wasu wayam, wasu an cusa musu faifan da Kawu bai taɓa gani ba.

Kuma ya san abin da yake zaɓa. Na ƙungiyar makaɗa ta Bembeya Jazz da kamfanin Syliphone na Gini ya buga, da na makaɗan Poly-Rythmo na Kwatano, da ƙananan masu juyi 45 na mawaƙan Hausa, su ne suka yi ƙafa. Masu tara faifai a Turai da Amurka da Japan suna neman irin waɗannan bugun na asali, suna biyan kuɗi mai kauri. Wanda yake shakka ya shiga Discogs, shafin saye da sayar da faya-fayi a intanet, ya rubuta sunan faifansa ya gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kawu bai taɓa lissafa su da kuɗi ba. Tun yana saurayi yake tara su, kowanne ya san inda ya saya da wanda suka saurara tare. Yanzu lambar mutumin ba ta shiga, shafin nasa ya sake suna.

Don Allah kada faifai ya bar gidanka. Mai aikin gaskiya zai iya zuwa da kayansa, don garmaho mai USB da kwamfutar hannu ba su fi ƙarfin babur ba, manhajar Audacity da ake ɗauka da ita kuma kyauta ce. A fara da faifai ɗaya a gabanka, ka ji da kunnenka. Ka nemi fayil ɗin WAV, shi ne cikakke, MP3 a yi shi daga baya don waya. In kana da tsofaffin masu juyi 78, tambaye shi wace allura zai sa, domin tasu daban ce, ta fi kauri, kuma ba a goge su da alkol, yana cin su. In ya yi shiru ko ya kama kame-kame, sallame shi.

Tun kafin kowa ya zo, ka ɗauki hoton kowace jaka da takardar tsakiyar faifan, har da 'yan lambobin da aka zana a gefenta, za su taimaka maka wajen gane naka in ya ɓulla a kasuwa. Mu mun kai ƙara kominsariya da hotunan hirar da aka yi da mutumin ta WhatsApp. Wanda aka yi wa irin haka ya je shi ma ya shigar da tasa, kuma a tura saƙon nan ga dangi na Tawa da Maraɗi, don ya ce yana zuwa can karɓar aiki.