Sharhi kan faifan Martha Argerich na kiɗan Rachmaninoff da Tchaikovsky

Faifan da kamfanin Philips ya fitar a shekarar 1995 ya tattara manyan kaɗe-kaɗe biyu na ƙasar Rasha, waɗanda aka tsara domin fiyano da babbar ƙungiyar makaɗa, kuma gwanar fiyano Martha Argerich, haifaffiyar birnin Buenos Aires na Ajantina a 1941, ita ce ta kaɗa su duka biyun. Na farko shi ne kiɗan fiyano na uku na Sergei Rachmaninoff, wanda aka ɗauka a Berlin a 1982 ƙarƙashin jagorancin Riccardo Chailly, na biyu kuma kiɗan fiyano na ɗaya na Tchaikovsky ne, wanda aka ɗauka a Munich a 1980 da makaɗan gidan rediyon Bavaria, Kirill Kondrashin yana jagora. Dukansu a gaban jama'a aka ɗauke su, ba a ɗakin naɗar sauti ba inda ake maimaitawa har sai an share kowane kuskure, kuma a nan ne ƙarfin faifan yake, a nan ne kuma 'yan gazawarsa suke.

Kiɗan Rachmaninoff ne ya sa na sayi faifan. Marubucinsa ya kammala shi a 1909, ya yi ta atisayensa a cikin jirgin ruwa a kan allon fiyano marar sauti yana kan hanyarsa ta zuwa Amurka, sannan ya kaɗa shi da kansa karon farko a New York a watan Nuwamba na shekarar. Kiɗan ya yi suna wajen wahalar kaɗawa, kuma Josef Hofmann, gwanin da aka sadaukar masa da shi, bai taɓa kaɗa shi a bainar jama'a ba. Duk da wannan suna da ya yi, farkonsa sauƙi ne ƙwarai: hannu biyu suna bin amo guda a hankali, kamar mai rera waƙa ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Argerich takan shigo wannan wuri a natse, ba ta ja shi da tsawo, ba ta kuma yi masa ado, sai dai mai sauraro yana jin akwai wuta a ƙarƙashin toka. Da aka kai inda makaɗa ke yin shiru su bar mata fage, ta zaɓi sassauƙan salo mai sauri daga cikin biyun da Rachmaninoff ya rubuta, ta fara shi da yatsu marasa nauyi kamar yayyafi a kan kwano, ta yi ta ƙara masa ƙarfi har ya koma tsawa, ba tare da amo ɗaya ya haɗiye ɗan'uwansa ba. Na mayar da wannan wurin baya fiye da sau goma a daren farko.

A kashi na uku kuwa, wato na ƙarshen wannan kiɗan, gudun da take yi yana da ban tsoro, har akwai inda ake jin makaɗan suna fafutukar cim mata, kuma duk wanda ya saba da natsuwar da wasu gwanaye ke ba wannan kashi zai iya cewa ta yi gaggawa. Ni dai ban ɗauke shi aibi ba, domin saurin nata yana da alƙibla, kuma tafin da ya ɓarke a ƙarshe ya nuna abin da mutanen zauren suka ji a jikinsu.

Na Tchaikovsky ya fi shiga kunnen sabon mai sauraro, saboda buɗewarsa da busar ƙaho da manyan bugun fiyano, waɗanda mutane da yawa sun sani ko da ba su san sunan kiɗan ba. Gwanin fiyano Nikolai Rubinstein ya kushe shi da aka fara nuna masa, shi ya sa wani gwanin, Hans von Bülow, ne ya fara kaɗa shi a Boston a 1875. Kondrashin, wanda ya bar Tarayyar Sobiyet a 1978 ya rasu a Amsterdam a 1981, ya san wannan kiɗa ciki da bai, kuma ya fi Chailly riƙe linzami, ta yadda shi da Argerich suke amsa wa juna kamar masu zance.

Dangane da ingancin sauti, wajibi ne mai saye ya san cewa ana jin 'yan kallo suna tari jefi-jefi, kuma a ɓangaren Rachmaninoff an kusanto da fiyano sosai har sarewa da gogen Turawa suna ja da baya a wasu wurare. Lasifikar waya tana danne ƙananan amo na hannun hagu, don haka abin sauraro na kunne mai kyau ko babbar lasifika ne za su fito da shi yadda ya kamata. Ana samunsa a faifan CD da kuma manhajojin sauraron kiɗa na intanet, kuma ga wanda bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin biyun ba, shawarata ita ce ya fara da na Tchaikovsky, sannan ya ware minti arba'in cikin dare, lokacin da gida ya yi tsit, ya saurari na Rachmaninoff daga farko har tafi.