Shayin Safe a Guangzhou

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Ka tambayi abin da nake ci a nan ban da shinkafa da miyar da ake dafa wa 'yan Afirka a unguwar Xiaobei. To, ranar Lahadi wani abokin cinikina, Basine Musulmi, ya kai ni cin dim sam, wato 'yan ƙananan abinci iri-iri da ake ci da shayi, a wani gidan abinci kusa da Masallacin Huaisheng. Sai da na ga alamar halal a ƙofa na zauna, domin a sauran gidaje naman alade ko kitsensa na cikin yawancin waɗannan abubuwa, har da waɗanda za ka ɗauka burodi ne zalla.

Su "yam ca" suke cewa, wato shan shayi, kuma shayin ba madara ba sukari. Abincin na zuwa a 'yan kwandunan gora, ƙwaya uku ko huɗu, turiri na tashi. Akwai har gau, jatan lande a cikin ɓawo siriri, har kana hango jansa ta waje. Siu mai ɗinsu, wani ɗan ƙullin nama a cikin ɓawo, da naman kaza aka yi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne lo mai gai, shinkafa mai danƙo da kaza, a naɗe cikin ganye irin na bado. Ina warwarewa ƙamshin ganyen ya bugi hancina, sai alalar Hajiya ta faɗo mini. Ƙafar kaza kuwa, wadda ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, nan ana dafa ta har ta yi luguf, tsofaffi na tsotsa da marmari.

Hidimar ce ta fi burge ni. In buta ta ƙare ba sai ka ɗaga murya ba, murfin kawai za ka ɗage, yanzu a zo a cika ta da ruwan zafi. In an zuba maka, ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, ka gode ke nan. Duk kwanon da aka kawo ana buga hatimi a katinka, babu gardamar lissafi. Mun yi awa biyu ba wanda ya yi mana kallon "ku tashi".

Sai dai abincinsu ba yaji ko kaɗan. Don Allah in ka samu mai zuwa, a turo mini yajin daddawa.